Ɓawon Inabi

Warin man zafi ne ke fara tarbata duk sa'ad da na ɗaga labulen ɗakin Baffa, mahaifina. Shekarar da hawan jini ya kayar da shi ke nan, ɓarin jikinsa na hagu ya daina motsi. Abinci ma ya fita ransa. Tuwo, fura, kunun gyaɗa, duk sai ya kau da kai.

Wata maƙwabciyarmu 'yar kudu, ma'aikaciyar jinya, ita ta ce mu gwada masa baƙin inabi, wai yana da amfani ga zuciya da jijiyoyin jini. Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Kullum in na taso daga makaranta sai in biya wajen mai kayan marmari, in hau keke napep zuwa gidanmu a Ƙofar Wambai, leda a cinya, kaina yana sarawa.

Ba wanda ya ce in ɓare. Ni ce na ga kamar ɓawon zai tsaya masa a maƙogwaro. Sai in zauna a kan tabarma bayan la'asar, in sa farce ina yaye fatar ɗaya bayan ɗaya, su fito a jiƙe suna ƙyalli kamar idon da ya gama kuka. Ashirin kan ci min rabin sa'a. Akwai ranar da barci ya sace ni da ƙwaya ɗaya a hannu.

"Uwata," in ji shi, maganar na fita da ƙyar, "a bokon naku har inabi ake yi wa fiɗa?"

"Baffa, buɗe baki dai."

"Da hannuna na nan, da na feɗe rago kafin ki gama uku."

Yakan ci bakwai, ran da aka yi sa'a ya ci tara. Sauran su saki ruwa a faranti, ni kuma gajiya ta hana ni ci. Ɓawon sai in tattara in watsa wa kaji. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce. Bai murmure ba, bai kuma sake takawa ba.

Sai bayan shekaru da rasuwarsa, ina zaman jiran layi a wani asibiti, na karanta a takardar da aka liƙa a bango cewa sinadaran da ake yabon baƙin inabi dominsu, masu taimaka wa zuciya, yawancinsu a ɓawon suke.