Tatsuniyar da Iya Ta Ƙi Rufewa

Yarana sun kwana biyu suna musu a kan wasannin kwamfuta. Nafisa wasan gina gari take so: kana kallo daga sama, ka shimfiɗa titi, ka ja ruwan famfo, mutane suna kai-komo kamar tururuwa. Yayanta Abba ya ce wannan aikin ciyaman ne. Nasa na gona ya fi, don kai ne a ciki da fartanyarka, ka san kowace akuya da halinta. Na tambaye su wanne aka fi saurin cinyewa, suka tuntsire da dariya. Wai duka biyun ba a cinye su, sai dai ka ajiye ka dawo gobe. Ni ban yi dariya ba, Iya na tuna.

Iya kakata ce, mahaifiyar Babanmu, can garin Babban Mutum. Bayan isha'i take hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, ta yi mana tatsuniya. Dokarta ɗaya: ba mai tashi sai ta ce ƙurunƙus.

Wata ranar kasuwa Baba ya bi motar shanu zuwa Mai'adua. Da la'asar labari ya shigo gari cewa wata motar shanu ta kife a hanya, an rasa rayuka, kuma ba wanda ya san wacce ce. Lokacin babu waya a hannun kowa. Innarmu ta kasa cin tuwo. Iya kuwa ko tambaya ba ta yi ba. Baba ɗan farinta ne, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Na ji haushinta, har na ce a raina tsohuwar nan ba ta da zuciya.

Ta hura wuta kamar kullum, ta fara ba tare da ta jira mun amsa ba. Wai wata tsohuwa ta ba wani mutum fili. Ya ce, "Yaushe zan gama?" Ta ce, "Ni fili na ba ka, ban ba ka ƙarshe ba." Ya haƙa rijiya, ta rufta, ya sake wata. Ya gina rumbu, gara ta ci, ya ɗora sabo a kan duwatsu. Baƙi suka zo, ya yanka musu wuri.

"Iya, to ya yi nasara?" in ji ni.

"Da wa yake kokawa, 'yar nan?"

Duk ƙarar da ta taso daga bakin titi sai muryarta ta tsaya cak. In ƙarar ta wuce, ta ƙara wa mutumin wata rijiya. Sai a lokacin na lura da hannunta: kara take kakkaryawa ƙanana ƙanana, ba ta ma sa shi a wuta. Tsoro ya kama ni sosai.

Wuta ta kusa mutuwa muka ji sallama. Baba ne, rigarsa duk jini. Ba motarsu ba ce, sun tsaya kwasar waɗanda suka ji rauni. Inna ta fashe da kuka. Iya ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ki ba wancan ruwa," ta ce wa Inna.

"Iya, rufe tatsuniyar mana, barci muke ji."

"Ku tashi haka nan. Wani makon ma akwai kasuwa."

Har Allah Ya karɓi ranta mutumin nan yana haƙa rijiya.

Yanzu Daura nake zaune, kuma Abba, ɗan farina, kaya yake kaiwa Mai'adua a mashin. Ranar kasuwa in magariba ta wuce bai shigo ba, kwamfutar Nafisa nake jawowa. Wasan gonar ban iya shi ba, akuyoyin sun fi ƙarfina. Titi nake ta shimfiɗawa a garinta, wanda ba ya zuwa ko'ina.

"Umma, kin ɓata mini gari. Ki rufe haka."

"Bari wancan ya shigo tukuna."