Daminar da Mahaifina Ya Jira Aradu

Shekarun baya, tun kafin tsaro ya lalace mutane su watse daga ƙauyuka, mahaifina ya shafe damina guda cur yana jiran aradu ta faɗa wa ƙanensa. Na san maganar ba daɗin ji, amma haka aka yi, kuma ni ne na riƙa karanta masa Littafi Mai Tsarki yana jiran.

Mu asalinmu Maguzawa ne, a wani ƙauye cikin ƙasar Faskari, Sheme ce kasuwarmu. Mahaifina da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma rana ɗaya aka yi musu baftisma a rafi, ina yaro. Lokacin da abin nan ya faru kuwa na riga na yi aure, ina da babur, kuma ni nake karatun Littafi a majami'a ranar Lahadi saboda na yi sakandare. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin. Gani nake ba abin da za a tambaye ni game da Allah in rasa ayar da zan buɗe.

Akwai wata gona a bakin fadama da mahaifina ya sare dajinta da hannunsa tun yana saurayi. Da baffana ya yi aure sai ya ara masa ita. A wurinmu, wanda aka ara wa gona yakan kai wa mai ita dami ɗaya kowace kaka, ba don darajar damin ba, sai don kowa ya gani ya san gonar aro ce. Shekarar farko baffana ya kawo nasa, mahaifina ya rufe shi da faɗa, ya ce ya mayar, tun yaushe ɗan'uwa yake biyan ɗan'uwa. Daga nan ba a sake kawowa ba. Da muka girma gonar gida ta yi mana kaɗan, mahaifina ya ce zai karɓi abinsa bayan kaka. Baffana ya ce wace gona? Ai rabonsa ne na gado. Ya ce a kawo mutum ɗaya da ya taɓa ganin ya kai dami. Tsofaffin da suka ga saran dajin kuwa duk ƙasa ta rufe su.

Dattawan ikkilisiya suka zaunar da su bayan sujadar Lahadi, aka yi ta magana ba a kai ko'ina ba. Can mahaifina ya miƙe ya nuna Littafin da ke kan tebur.

"Ya dahwa wanga ya rantse, ni na bar mashi."

Sai kun san inda muka fito za ku gane abin da yake nufi. A addinin iyayenmu, idan gardama ta ƙi ƙarewa, akan wanke wani baƙin dutse da ake kira gatarin aradu, mai rantsuwa ya sha ruwan. Kowa ya yarda cewa idan ƙarya ya yi, damina ba za ta fita ba sai aradu ta same shi. Mahaifina ya bar tsafi da gaske, amma a ransa ya ɗauka Allahn da ya koma wa ya fi aradu ƙarfi, don haka zai fi ta saurin hukunci.

Mai bishararmu ya ce, "Baba, Littafin nan da kansa ya hana rantsuwa. I ɗinka ya zama i, a'a ya zama a'a."

"Malam, i ɗin nashi ne ban yarda da shi ba."

Kafin a ce wani abu, baffana ya taso ya ɗora tafinsa a kan Littafin, ya rantse gonar gadonsa ce. Ko muryarsa ba ta yi rawa ba. Mata suka sunkuyar da kai, mu kuma muka tashi muka tafi gida.

Da damina ta sauka, duk lokacin da hadari ya haɗu sai mahaifina ya ɗauko kujerarsa ya zauna a bakin zaure yana fuskantar gidan ƙanensa. Idan aka yi walƙiya sai ka ga ya ɗan ɗago. Mahaifiyata ta taɓa ce masa, "Ɗiyanshi hwa? Su ma cikin gidan suke kwana." Ya yi kamar bai ji ba.

Shi bai iya karatu ba, don haka da yamma idan mun dawo gona yakan kira ni in karanta masa. Labarai biyu ya fi so. Ɗaya na mutanen da ƙasa ta buɗe ta haɗiye su, ɗaya kuma na miji da matar da suka yi ƙarya a kan gona a gaban manzanni, suka faɗi matattu nan take. Wannan na biyun ya sa na maimaita shi har na haddace. Idan na kai wurin da aka ɗauki gawar, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To ka ji. Allah shina gani."

Amma Littafin ba nan ya tsaya ba, ni kuma da rawar kaina na ce bari in nuna masa sauran. Na karanta masa inda aka ce Allah yana fito da ranarsa a kan mugu da nagari, yana sako ruwa a gonar mai gaskiya da ta azzalumi. Ya dubi hanyar fadama, inda masarar baffana ta yi baƙi ƙirin don kyau, ya ce wannan kam ba sai an karanta masa ba. Na karanta masa yadda almajiran Yesu suka so kiran wuta daga sama a kan wani ƙauye da ya ƙi karɓarsu, ya juya ya tsawata musu. Na karanta misalin mai gonar da ya hana barorinsa cire ciyawa, ya ce a bar ta ta girma tare da shuka har kaka.

"Wanga bai taɓa riƙe hauya ba," in ji mahaifina. "Wa ke barin haki sai kaka?"

Ranar da na karanta masa labarin annabin nan da ya yi fushi don Allah ya fasa hallaka wani birni, ya fita bayan gari ya zauna yana jira ko za a canja shawara, mahaifina ya yi wata dariya mara daɗi. Ya ce duk cikin Littafin wannan mutum kaɗai ya san abin da yake ji. Sannan ya tambaye ni, shin Allah ɗaya ne ya kashe masu ƙaryar gona nan take, ya kuma bar birni guda na mugaye? Na ce ɗaya ne. Ya ce to da me ake gane ranar da zai yi wannan da ranar da zai yi wancan? Na yi ta juya shafuka, na ce masa Allah mai jinkirin fushi ne, ba ya so kowa ya hallaka. Amsar daidai ce, amma ni kaina na ji ba ta kai inda ciwon yake ba.

Wajen ƙarshen damina aradu ta faɗi. Sai dai ba gidan baffana ta faɗa ba, giginyar da ke iyakar gonarmu ta tsaga. Ba wanda ya ji rauni, amma kafin ranar kasuwa magana ta zaga gari. Ko Kiristocin cikinmu, da suke cewa sun bar camfi, sun fara kallon mahaifina ta gefen ido. Aka fara raɗa cewa wataƙila dai tsohon ne ya so ƙwace gadon ƙanensa. Mutumin da ko ɓeran gidan wani bai taɓa ɗauka ba, yau shi ake nunawa da baki. Ya daina cin abinci sosai, ya daina zuwa sujada.

Wata safiya ya kamo baƙin bunsuru ya ce in tada babur, za mu wajen Damari. Na san wurin wa za mu. Akwai wani tsoho a can da har lokacin yake riƙe da gatarin aradu, kuma an ce ba rantsuwa kaɗai yake bayarwa ba, yana iya aika ta.

Na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri."

"Na ba Allahnka damina guda. In ba ka kai ni, in tahi da ƙahwa."

Haka mai karatun Lahadi ya ɗaure bunsurun tsafi a bayan babur, ya ɗauki ubansa, muka kama hanya. Duk wanda muka wuce sai in kau da kai, bunsurun kuwa kamar an aiko shi ya tona mini asiri, bai daina kuka ba har muka isa.

Tsohon yana zaune a gindin tsamiya. Ya gane mahaifina, ya ce, "A'a, masu coci, yau ku ne a gidanmu?" Da ya ji abin da ya kawo mu bai yi mamaki ba. Ya shiga ɗaki ya fito da dutsen a cikin ƙwarya, ya zuba ruwa, ya sa aka kayar da bunsurun, ya ɗauko wuƙa. Sannan ya ce aradu makauniya ce, ba ta sanin hanya sai an nuna mata. Mutane da yawa sunansu ɗaya, amma kowa uwarsa ɗaya.

"Ka kira sunanshi, ka kira sunan wadda ta haihe shi, ni kuma in yanka."

Mahaifina ya durƙusa a gaban ƙwaryar, ya kira sunan ƙanensa da ƙarfi.

"Uwarshi hwa?" in ji tsohon.

"Uwata ce."

"Na sani. Hwaɗi."

Ina tsaye ina kallon leɓensa yana motsi, sauti ya ƙi fita. Tunda nake ban taɓa jin ya ambaci sunan kakata ba, a wurinmu ɗa ba ya kiran sunan uwarsa. Yau kuma ana so ya kira shi a kan wuƙa, don a kashe ɗanta. Ya gwada, ya sake gwadawa, gumi yana zuba daga goshinsa. Can sai ya dafa ƙasa ya miƙe, ya kwance ƙafafun bunsurun da kansa. Tsohon ya zubar da ruwan, ya ce mu gaida gida.

Mun yi nisa a hanya ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka ya zauna a bakin wata gona. Nan ya faɗa mini abin da ban sani ba, cewa kakata ta rasu baffana bai daɗe da yaye ba, shi mahaifina ne ya riƙa goya shi zuwa gona yana tauna masa gyaɗa. Sannan ya ce:

"Wanga Allah da kake karanta mani, ka ce uba ne?"

"Haka Littafin ya ce, Baba."

"To shi in za ya jehi mutum da wuta, aka ce ya hwaɗi wa ya yi shi, sunan wa za ya kira?"

Ya dubi ƙasa, ya amsa da kansa, "Nashi za ya kira. Ashe shi ma haka yake zaune, abin na cin shi."

Bayan kwanaki na nemo masa wani wuri a cikin annabawa, inda Allah yake tuna yadda ya koya wa mutanensa tafiya kamar jariri, ya ɗauke su a hannu, suka girma suka juya masa baya, yana tambayar kansa yaya zai iya bashe su, zuciyarsa ta ƙi. Mahaifina ya sa na maimaita, hawaye na bin gemunsa. Ranar Lahadi ya koma sujada.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Gonar ba ta dawo ba. Baffana bai taɓa neman gafara ba, tsakaninsu sai gaisuwar hanya. Mahaifina ya rayu wasu shekaru, ya rasu akwai mutanen da har lokacin suke ganin shi ne maƙaryacin, kuma wannan ne yake ci mini rai har gobe. Ya samu dalilin da zai daina jiran aradu, amma bai samu wanda zai wanke sunansa ba.

Abin da na koya ba mai sanyaya zuciya ba ne. Idan muka karanta a majami'a cewa Ubangiji mai jinkirin fushi ne, kowa yakan ce amin da murna, domin kowa laifin kansa yake tunawa. Ba ma tuna cewa jinkirin da aka yi wa mai laifi, akwai wanda yake zaune a bakin zaure yana ɗauke da nauyinsa. Littafin bai ɓoye wannan ba, Zabura cike take da mutanen da ke tambayar Allah har yaushe, kuma da yawansu ba a nuna mana ranar da aka amsa musu ba. Na gaskata akwai ranar shari'a. Na kuma gaskata Allah ya shigo cikin wahalar da kansa a kan gicciye. Amma ni ɗan adam ne, na so a ce mahaifina ya ga ranar da idonsa.

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, kowa ya kama gabansa. Ni na dawo cikin gari da iyalina. 'Ya'yan baffana suka bazu neman abinci, aka rasa inda za a ajiye tsohon ubansu, ido ya tafi, hankali ma yana zuwa yana komawa. Matata ta dube ni, na dube ta, muka share masa ɗakin zaure. Ba zan yi muku ƙarya in ce na yafe ba, ina dai kai masa koko kowace safiya.

An ce muryata irin ta mahaifina ce. Wani lokaci idan na yi sallama sai tsohon ya ɗago kai da sauri ya ce, "Yaya, kai ne?" Nakan ce ni ne. Sai in tsaya riƙe da kofin, ina jiran ko yau zai faɗi abin da mahaifina ya mutu bai ji ba. Jiya ma ya kira ni haka, ya kama hannuna ya riƙe, ya jawo ni kusa. Sannan ya ce kokon ba sukari.