Ƙahon Mahaifin Anti

Wata Asabar ina dawowa daga kedai, wato kanti, da buhun shinkafa a kafaɗa, tsohuwar da ke hawa na biyu a benenmu na unguwar Wangsa Maju, nan ƙasar waje da nake karatu, ta tare ni. 'Yar China ce, kowa Anti yake kiran ta. Ta ce tunda digiri na uku nake yi, in sauke kayan in duba mata wani abu.

Tsohon hoto ne, duk ya yi ja. Masu wasan nan ne da ke yawo gari-gari da tanti da giwa. A gefe ga wani siriri, fuska sharkaf da farin kwalli, ya kafa baki a wani ƙahon tagulla da bai fi tafin hannu ba, a nannaɗe kamar hanjin kaza. Mahaifinta ne. Ita ta tashi da sanin mabushi ne, amma jikokinta sun ce ɗan ban dariya ne kawai, ƙahon ma na wasan yara ne. Abin ya tsaya mata a rai.

Ni kuwa uban 'yan sani, na juya hoton, na gyara tabarau, na ce gaskiya ya yi kama da abin wasa. Wallahi fuskarta ta faɗi. Har na hau sama raina bai yi mini daɗi ba.

Akwai wanda zai sani, amma na yi kwana biyu ina ja da baya. Baba shekara talatin ya yi yana busa a badujalar 'yan sanda. Tun ina firamare ake kira na ɗan mai tuturutu, don haka a ƙasar nan duk wanda ya tambaya sai in ce tsohon ma'aikacin gwamnati ne, in ja bakina.

Na dai tura masa hoton, na ce wai abin wasa ne. Ko minti goma ba a yi ba ya kira, na sauka da wayar wurin Anti.

“Kai, wane jahilin ne ya ce abin wasa ne?”

“Wani ne, Baba.”

“To ka gaya wa wanin konet ne, irin na badujala, amma na aljihu. Bututunsa ɗaya da babban, ninka shi aka yi. Sau ɗaya na taɓa riƙe irinsa, a hannun wani Bature. Kuma dubi bakin mutumin. Mai ban dariya kumatu yake kumburawa. Wannan ya matse leɓe, yatsu uku a lanƙwashe kan maɓallai. Ya sha wuya kafin ya iya haka, ni na sani.”

Na fassara mata kalma-kalma. Ta sa gefen rigarta ta goge hoton, ta sake gogewa, tana dariya hawaye na zuba. Ta cusa mini leda cike da lemo, wai tapau, wato tsaraba, in kai wa Baba, kamar Kaduna bayan layi take.

Sannan ta tambaye ni aikin me mahaifina yake yi da ya san wannan duka.

Baba na kan layi, ina jin numfashinsa. Turancinsa ya fi nawa tsufa, ya ji tambayar sarai.

Na ce, “Mabushi ne, Anti. Shekara talatin.”

Baba ya yi gyaran murya.

“Da biyu,” in ji shi.