Cikon Haƙorin Yaya Rakiya

Ranar Talatar da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji uku a lekol, wato makarantar boko, na tsaya ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu a unguwar Kilomita Biyar da dutse a hannu. La'asar ce, ƙasa da danshin ruwan jiya, kilishin layya na shanye a kan igiya. Akwai wani mangwaro ɗaya da ya nuna can sama, kwana uku ina kallonsa. Na ja baya na jefa. Dutsen ya bugi reshe ya karkata, daidai lokacin da yayata Rakiya ta fito daga madafa da kwanon gozo, tuwon rogon da muka koya daga maƙwabta. Na ji ƙara kamar an fasa ƙaramin kofi. Ta ajiye kwanon a hankali, ba ta zubar ba, sannan ta tofa rabin haƙorinta na gaba a tafin hannu.

Innarmu ta fito da gudu tana salati. Da ta tambayi wanda ya yi jifan, na nuna katanga na ce yaran bayan gida ne. Yaya Rakiya ta dube ni, jini na bin haɓarta. Shekarunta goma sha uku, ni tara. Baba ya zagaya ya yi wa iyayen yaran faɗa da Sango, yaren garin, suka rantse, ya dawo yana huci. Ni kuwa na ci tuwona.

Kafin ranar, dariyar Yaya Rakiya ita ce ƙarar gidanmu. Tare muke ɗibar ruwa a rijiya, tare muke kankare rogo mu jiƙa, mu yi carafke a bakin zaure har Inna ta kira mu wanke-wanke. Kakarmu, wadda ta zo daga ƙasar Hausa tun tana amarya, tana shafa furen taba da goro har haƙoranta su yi ja, tana cewa, "A zamaninmu farin haƙori na yara ne da awaki." Yaya sai ta yi dariya ta ɗauko gawayi ta goge nata a gaban tsohuwar. Bayan jifan, dariyar ta koma bayan mayafi. Ta daina amsa tambaya a aji. In an yi baƙi takan shige ɗaki. Duk lokacin da ta kai hannu baki, sai in ji dutsen nan a tafina.

Bayan wata biyu Baba ya kai ta wurin wani likitan haƙori a cikin gari, ni ma na bi su. Likitan ya ɗauko wani faifai mai jerin ƙananan haƙora, daga fari tas zuwa ruwan madara, yana kara su ɗaya bayan ɗaya kusa da nata har ya sami wanda ya dace. Ya shafa wani abu mai laushi kamar ƙullu a gurbin, ya daidaita, ya haska masa shuɗiyar fitila, nan take ya sandare. Da ya miƙa mata madubi ta daɗe tana neman inda giɓin yake. A hanyar gida ta yi dariya da baki buɗe. Na ce a raina shi ke nan, an shafe laifin, ba sauran abin faɗa. Haka na bar maganar shekara takwas.

Da aurenta ya zo, da wani mai sayar da atamfa a kasuwar Kokoro wanda ita ta zaɓa, ƙawayenta suka kawo mata maganin farar da haƙori daga kasuwa, cikin kayan da manyan motoci ke saukewa daga Kamaru. Kwana shida tana shafawa safe da yamma, tana ƙorafin ruwan sanyi na tsira mata. A rana ta bakwai ta kira ni bakin rijiya inda haske ya fi. Haƙoranta duka sun yi fari kamar auduga, in ban da rabin na gaba. Cikon yana nan da launinsa na da, kamar an liƙa ɓawon gyaɗa. Abin da ya ɓuya shekara takwas ya fito fili, har layin karayar ana gani.

Muka hau moto, babur ɗin haya, zuwa wurin likitan, ya tsufa amma ya gane aikinsa. Ya ce haƙorin da Allah ya halitta yana shan magani ya yi haske, ciko kuwa ba ya sha, launin da aka ba shi ranar farko da shi zai zauna. Yaya ta ce to a cire a sa wani. Ya girgiza kai, ya ce sabon ciko ba ya kama haƙorin da aka gama fararwa, sai an jira kamar mako biyu maganin ya fita. Ɗaurin aure saura kwana biyar. Ni kuma na yi niyyar faɗa mata gaskiyar jifan. Muna fita ta gyara mayafinta ta ce, "Binta, in ango ya fasa saboda rabin haƙori, ai na huta." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na haɗiye abin da zan faɗa.

Da cikon aka kai ta, kuma ba ta koma an canja shi ba. Duk sanda na tuna mata sai ta ce ta saba da shi. Na ɗauka hidimar gida ce ta hana ta.

A shekarar da tashin hankali ya rufe unguwarmu, fita daga Kilomita Biyar ta zama sayar da rai, naƙudar cikinta na uku ta zo da gardama. Ba hanyar asibiti. Ta rasu da hantsi, ita da abin da ke cikin. Ni da Inna muka yi mata wanka. Da na zo ɗaure mata haɓa leɓenta ya ɗan ɗaga, na ga rabin haƙorin nan. Na sunkuya na faɗa mata abin da na yi, a lokacin da ba ya da amfani.

Maryama, 'yarta ta fari, a hannuna ta girma. Bara tana duba hoton bikin uwarta a waya, tana ƙara girmansa da yatsa, na daure na ce, "Maryama, wannan tabon ni ce na yi mata." Ba ta ko ɗago ba. Ta ce da Hausarta da ta gauraya da Sango, "Na sani, Tanti. Mama ta ce mangwaro kika jefa kika sami haƙori. Ta ce kada in faɗa miki, wai kina da kunya." Sai ta ci gaba da kallon hoton.

Yanzu an sare mangwaron, an gina shagon waya a wurin. Maganin farar da haƙori ya cika teburan kasuwa, 'yan mata na saye suna gwada murmushi a gilashin mota. Ba mai shafa fure tun da Kaka ta tafi. In na wuce su nakan so in tsaya in ce a fara tambayar likita, wanda ke da ciko ya san cikon ba zai bi sauran haƙoran ba, amma sai in wuce. Ni shekara da shekaru ina ɓoye dutse, ita kuwa tana ɗauke da alamarsa a gaban bakinta, tana dariya da ita. Ashe tun ranar Talatar nan ta yafe mini, ni ce ban tambaya ba.