Furen da Halilu Ya Kawo wa Mairo

"Wai har yanzu tana nan da gwangwanin nan?"

"Yo ina za ta kai shi? Jiya da na leƙa, ta lulluɓe shi da ɗankwali."

"Allah sarki. Ciyawa fa ce."

"Ke, rage murya, ga ta nan."

Mairo ta ji abokan aikinta sarai. Ta ajiye jaka, ta kama kan da ke jiran ta. Shekararta tara tana kitso a wannan shago na Silver Spring a Amurka, tun zuwanta daga Damagaram.

Mijinta Oumarou direban tirela ne. A shekarar 2011 motarsa ta faɗi a duwatsun Idaho, Musulmin garin da ke kusa suka yi masa sutura washegari. Mairo ba ta je ba, takardunta ba su fito ba, tana tsoron filin jirgi. Abokin tuƙinsa Halilu ne ya tono mata wani ɗan fure rawaya a gefen kabarin, da ƙasarsa, cikin gwangwanin tumatir. Iyakar abin da ta samu ke nan.

Ta riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Da sanyi ya shigo, ta matsar da shi jikin hitar ɗumama ɗaki. Shekara ta zagayo, ganye biyu ya fitar, ƙanana, ba fure. Ta ƙara ruwa.

Maƙwabciyarta Olive, 'yar Kumasi mai aiki a gonar furanni, ta tsoma yatsa cikin ƙasar, ta yamutsa fuska.

"Yaya Mairo, kashe shi kike yi. Wannan ɗan kan dutse ne. Sai ya yi wata uku ƙarƙashin ƙanƙara yake fure."

"In fitar da shi waje? Cikin sanyin nan? Oumarou ko fanka ba ya so."

"Shuka ce, Yaya. Kuma ko an fitar, ban yi miki alkawari ba."

Kwana uku Mairo tana kai gwangwanin bakin ƙofa, iska ta doke ta, ta dawo da shi. Ran na huɗu ganye ɗaya ya kwanta. Ta rungumi gwangwanin, ta ƙwanƙwasa ƙofar Olive.

"Don Allah karɓi, ki kai shi barandarki. Ko na zo ina kuka, kada ki ba ni sai sanyi ya wuce."