Gadon da Baba Kafinta Ya Zana

Bayan na gama bautar ƙasa na samu aikin gwaji a wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta a Makera. Mai wurin, wadda muke ce wa Madam, ta ba ni mako biyu: in ɗalibai sun fara gane darasin rubuta manhaja in zauna, in ba haka ba ta nemo wani. Ba da faɗa ta faɗa ba, amma na riƙe maganar.

Darasin kuwa shi ne yadda ake tsara fasali ɗaya a fitar da abubuwa da yawa daga cikinsa, wani fasalin kuma ya gaji halayen wani. Kwana takwas ina zuba Turanci suna gyaɗa kai, wanda nake zaton na ladabi ne kawai.

Sai na ce bari in gwada zane, wataƙila ido ya kama abin da kunne ya ƙi. Na rubuta GADO a allo, ina nufin abin da ɗa ke samu daga uba, na ce wani ya fito ya zana. Wani dattijo kafinta daga Kakuri, da 'yarsa ta matsa masa ya shiga ajin, ya karɓi alli. Ya zana gado mai ƙafa huɗu har da katifa. Aji ya kwashe da dariya, ga Madam tsaye bakin ƙofa. 

Na ce, "Baba, ai ba na kwana nake nufi ba."

Ya ce, "Malam, ɗayan ai sai an yi mutuwa. Wa kake so in kashe a allo?"

Bai ajiye allin ba. Ya ce a shagonsa awo ɗaya yake da shi a kwali, daga shi duk gadajen ke fitowa. Na jariri ma ƙafafun nan ne, sai dai ya ƙara shinge. Ya zana shi a ƙasan babban. Ni kuma na ja kibiya daga ƙaramin zuwa babban, na ce to ga gadon da ya ci gado.

Ba zan ce kowa ya gane a ranar ba. Amma wata mai ɗinki daga Mahuta ta tambaya ko riga da buba ma haka ne, na ce ina ganin haka ne.

Ranar Juma'a Madam ta miƙo mini kwalin alli mai launi, ta ce in lallaɓa shi ya kai ƙarshen zango.