Ƙuri'ar da ta cinye tatsuniyoyin Kaka

Wata safiyar Alhamis, a kakar shekarar da ta biyo bayan babban taron ƙasa na sauya tsarin mulki, Mushe Idi, malaminmu na lakol, wato makarantar boko, a Gazawa, ya tsayar da mu a buro, wato ofis, na wani furoje mai aikin bunƙasa noma, gaban kwamfutoci biyu. Ɗaya babba ce mai ƙugi, kowa a buron ita yake taɓawa, kuma akwai wasan jefa bulo a cikinta. Ɗayar ƙarama ce fara, an lulluɓe ta da zane a kusurwa, don disket ɗin da babbar ke karantawa ita ba ta gane shi. Disket wani ɗan faifai ne da ake ɗaukar rubutu a ciki daga wannan inji zuwa wancan.

Abin da ya kai mu shi ne tatsuniyoyin kakata, Hajo. Tun damina muke zama gabanta bayan magariba, in mun ɗaure awaki, muna ɓarar gyaɗa tana ba da labari, mu kuwa muna rubutawa a yagaggun takardu. Tana yi tana tsokanarmu: "Ku rubuta da kyau, 'yan boko, ni bakina ba ya maimaici." Mushe ya samu izinin a buga su a kwamfuta don kada su tafi tare da ita.

Madam Rabi, sakatariyar buron, ta ce a zuba su cikin ƙaramar. "Babbar nan kowa tusa mata abinsa yake yi, Mushe. Waccan babu mai kai mata cuta." To amma shekarar zaɓe ce. Shugaban aji ƙuri'a, mai tsaron gida a wasan ƙwallo ƙuri'a, har mai sharar aji. Mushe ya yi dariya ya ce jama'a za ta yanke. Ni na hau benci na yi wa babbar kamfe, don Madam ta ce duk wanda ya gama karanto mata takardarsa zai taɓa wasan bulo. Na kira ƙaramar 'yar adawa mai ƙyamar mutane, yara suka yi ta tafi. Hannu ɗaya kawai aka ɗaga mata, na Madam Rabi.

Muka yi rani muna karanto mata tana bugawa. Duk takardar da aka gama, sai mu kai wa mai ƙosai ta ƙofar lakol ta naɗe mana na ci. Kaka ta rasu kafin ruwan fari. Bayan sadakar arba'in wani direba ya zo da disket na sabon wasa daga ƙetaren iyaka, aka sa wa babbar. Da aka kunna ta washegari, ba ta san kowa ba. Mai gyaran da aka kira daga Maraɗi ya ce birus ne, cutar kwamfuta, ya share komai. Ya yaye zanen ƙaramar, ya sa mata disket ɗin nan, ta tofo shi waje, lafiyarta lau.

Yanzu ɗiyata Nafisa ke gyaran kwamfutoci a Agiye. Ta ce masu ƙirƙirar birus sun fi auna tsarin da yawancin mutane ke aiki da shi, don can suke samun ƙofofi da yawa. Wanda ba a cika amfani da shi ba ma yana kamuwa, sai dai ba a cika nemansa ba. Ta ce ko a wanne, abu mai daraja wuri biyu ake ajiye shi. Mu namu wurin na biyu ƙosai muka ci a ciki.

Jikata takan ce in ba ta labarin yarinyar da ta bi ƙwaryarta cikin rijiya, ɗaya daga cikin tatsuniyoyin kakata Hajo. Nakan kai ta har inda yarinyar ta taka ƙasan rijiyar ta ga wata ƙofa, sai in tsaya. "Sai me ya faru, Kaka?" Nakan ce mata gobe.